Addinin Kemet: Masu farfaɗo da bautar zamanin Fir'auna da rigimar mallakar tarihin Masar

Addinin Kemet shi ne sunan da ake kiran yunƙurin wasu mutanen wannan zamani, galibinsu a Amurka da Turai, na farfaɗo da bauta da tsafin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Kemet suna ne da Misirawan dā ke kiran ƙasarsu, ma'anarsa "baƙar ƙasa", saboda baƙin laka mai albarka da kogin Nilu ke bari bayan ambaliya.

Asalin addinin ya daɗe da mutuwa. Rubutun ƙarshe da aka sani cikin haruffan zane na Masar an sassaƙa shi ne a tsibirin Filae a shekarar 394, kuma a ƙarni na shida aka rufe wurin bautar da ke can, zamanin Sarkin Rum Jastiniyan. Daga nan aka shafe fiye da shekara dubu babu mai iya karanta rubutun, sai a 1822 da Bafaranshe Champollion ya gano bakin zarensa. Saboda haka mabiyan yau ba daga kakanni suka gaji ibadarsu ba. Daga littattafan masana da gidajen tarihi suka tsinto ta.

A 1973 Ra Un Nefer Amen ya kafa ƙungiyar Ausar Auset a New York, domin baƙar fata masu neman addini mai tushe a Afirka. A 1976 aka kafa Fellowship of Isis a Ayalan. Sai Kemetic Orthodoxy, wadda Tamara Siuda ta assasa a 1988 a Amurka, wadda kuma intanet ya taimaka wa yaɗuwarta.

Ibadar yau da kullum ba ta da hayaniya. Mai bi yakan keɓe wani lungu a ɗakinsa ya ajiye gunkin abin bautarsa, kamar Ra ko Aset ko Anubis. Yakan yi tsarki da ruwa da wani gishiri mai kama da kanwa, ya kunna fitila da turare, ya miƙa ruwa da burodi, wani lokaci da giya, sannan ya ci abincin da kansa, domin a tsohuwar al'adar ma ma'aikatan wurin bauta ne ke cinye hadayar. Ana kuma girmama kakanni da suka mutu. Abin da ake fassarawa da sihiri shi ne heka, wato imanin cewa kalma da suna da rubutu suna da ƙarfin sauya al'amura. Misirawan dā ba su raba shi da addini ko magani ba. Ginshiƙin ɗabi'a kuwa shi ne Ma'at, gaskiya da adalci da daidaiton duniya. A imaninsu, ana auna zuciyar mamaci da gashin tsuntsu na Ma'at, bayan ya barranta kansa daga laifuka a gaban alƙalai 42.

Sai dai akwai giɓin da mabiyan ke fama da shi. Addinin asali na hukuma ne: Fir'auna ne babban mai shiga tsakani, wuraren bauta na da gonaki da ma'aikata, kuma kalandar bukukuwa ta rataya ne a kan ambaliyar Nilu, wadda madatsar ruwan Aswan ta kawo ƙarshenta tun kafin a kammala ta a 1970. Yaya addinin daula zai koma na mutum ɗaya a ɗakin haya? Ƙungiyar Siuda ta amsa da ba shugabarta laƙabin sarauta na Nisut, matakin da wasu mabiya suka ƙi amincewa da shi.

Inda lamarin ya fi zafi shi ne siyasa. Tun a 1954 masanin Senegal Cheikh Anta Diop ya kafa hujjar cewa wayewar Masar ta baƙaƙen Afirka ce, ra'ayin da aka tafka muhawara a kansa a taron UNESCO na Alƙahira a 1974. Ga jikokin bayi a Amurka, Kemet shaida ce cewa tarihinsu bai fara daga jirgin bauta ba. Misirawa da dama kuwa na ganin ana neman ƙwace musu kakanni ne. A 2023 an yi ce-ce-ku-ce kan shirin Netflix da ya nuna Kiliyofatara a matsayin baƙar fata, kuma a shekarar hukumomin Masar suka hana wani gidan tarihi na birnin Leiden a Holan ci gaba da tono a Saƙƙara, saboda baje kolin da ya yi kan yadda mawaƙa baƙar fata ke kallon Kemet.

A Masar ɗin kanta, Musulunci da Kiristanci da Yahudanci kaɗai hukuma ta amince da su. Wuraren bautar dā wuraren tarihi ne da yawon buɗe ido, ba a yarda a yi ibada a cikinsu ba. A ranar 11 ga Nuwamba 2011 ma an rufe babban dalar Giza bayan jita-jitar cewa wasu baƙi na shirin gudanar da wani biki na asiri a wurin, ko da yake hukumomi sun ce gyara za a yi.