3.4 Baƙar Giya a Kaduna ta Arewa

Baƙar giya, wadda mashaya suka fi sani da sunan Guinness, ta samo asali ne daga wata giya da aka fara yi a birnin Landan cikin ƙarni na 18. Turawa suna kiran ta fota, wato giyar 'yan dako, domin su ne suka fi shan ta. Ana soya sha'ir ne har ya yi baƙi kafin a dafa, wannan shi yake ba ta launinta da ƙaurin da ake ji a maƙogwaro. A shekarar 1759 Arthur Guinness ya karɓi hayar wata masana'anta a Dublin ta ƙasar Ayilan, kuma a 1801 aka fara yin wata iri mai ƙarfi da ɗaci wadda za ta jure doguwar tafiya a jirgin ruwa ba ta lalace ba. Ita ce ta iso Afirka ta Yamma.

Lokacin da aka mayar da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, dokar Turawa ta hana sayar wa 'yan asalin Arewa barasar da aka shigo da ita daga waje. Saboda haka shan giyar kwalba ya tsaya a kulob ɗin Turawa da barikin soja da kuma tsakanin ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna waɗanda suka zo daga Kudu. Talakan da ba Musulmi ba kuwa burkutu ya riƙe, wanda mata suke dafawa da dawa. Ana iya cewa tun daga nan kwalba ta zama alamar ɗan bariki mai albashi.

Shekarar 1963 tana da muhimmanci a wannan tarihi. A cikinta ne masana'antar Guinness ta Ikeja ta fara aiki, ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ayilan da Birtaniya. A cikinta kuma kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe tasa a Kakuri. Abin lura a nan shi ne, masana'anta tana kudancin kogi, amma ma'aikatun gwamnati da barikoki da manyan otal irin su Hamdala, da Durbar wanda aka gina domin bikin 1977, duk a arewa aka kafa su. Don haka a arewacin kogi ne masu kuɗin saye suke.

Mashaya ba su ɗauke ta daidai da farar giya ba. Ba a kwankwaɗar ta. Zubawa ake yi a hankali, a jira kumfa ta kwanta, a riƙa kurɓa da tsire ko farfesu. Sabon shiga yakan yamutsa fuska saboda ɗacin, wanda ya saba kuwa ɗacin nan yake nema, tare da kaurinta da ɗan zaƙin da yake biyo baya. Wasu sukan gauraya ta da madarar gwangwani wai tana ƙara jini da ƙarfi. Wannan camfi ne kawai, domin ƙarfin barasarta ya kai kashi 7.5 cikin ɗari, fiye da na farar giya, amma ya taimaka ƙwarai wajen sayar da ita.

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole kamfanoni suka koma ga dawa da masara. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta riga ta fitar da irin dawa mai suna SK5912 wadda ta dace da yin tsiro. Ta haka ne ɗanɗanon giyar ya sauya, ta ƙara zaƙi, kuma dawar da mafi yawan masu noma ta Musulmi ne, waɗanda addininsu ya haramta giya, ta zama ginshiƙinta. Wato hatsin burkutun da ɗan bariki yake rainawa shi ne ya shiga kwalbarsa. A 1992 Nigerian Breweries ya fito da tasa baƙar giyar mai suna Legend.

Rikicin shari'a na watan Fabrairu 2000 da kuma rikicin watan Nuwamba 2002 su ne suka raba garin gida biyu. Bayan asarar rayuka masu yawa, Kiristoci da dama suka ƙaura zuwa Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, Musulmi kuma suka tattaru a arewa. Gidajen giya suka bi masu shanta suka haye gada. Abin da ya rage a arewacin kogi bai wuce kasuwannin bariki da kulob-kulob da wasu otal ba.