Yadda Saniya Ta Zama 'Yar Gida a Ƙasar Yarabawa

Duk wanda ya tashi a Sabon Ibadan ya san cewa arzikin unguwar nan a kan abu biyu aka kafa shi, wato goro da shanu. Goro ya nufi Arewa, shanu su gangaro Kudu. Labarin fatake da dillalai da masu gida mun sha jin sa a bakin dattawanmu. Amma akwai wani gefe na tarihin da ba mu cika waiwaya ba, shi ne na iyalan da suka kafa ruga a dajin Oyo da Iseyin da Ibarapa, suka haifi 'ya'ya a can, suka rene su a tsakanin maruƙa. Su ne ke kawo mana nono da ragon suna, kuma in wuta ta kama su mu ma hayaƙin yana iso mu. Saboda haka ya kamata mu san yadda zamansu ya faro da yadda yake tafiya.

A lokacin da aka keɓe wa kakanninmu Sabo a 1916, saniya baƙuwa ce a wannan ƙasa. Dalili kuwa shi ne ƙudan tsando, wanda cizonsa ke sa wa dabba sammore. Farar saniyar Arewa in ta shigo kurmi, kafin a jima sai ta rame, ta faɗi. Shanun da ke iya jure wa ƙudan su ne 'yan gajerun nan da ake kira muturu, da keteku na wajen Borgu, su kuwa ba su da wani nono na a zo a gani. Don haka shanun da ake korowa ta Jebba da Ilori da Ogbomosho, tafiyar fiye da wata guda a ƙasa, da waɗanda ake lodawa a jirgin ƙasa bayan da dogo ya isa Kano a 1911, duk na yanka ne. Dole a sayar da su da wuri kafin ciwo ya cinye su.

Wannan gaggawa ita ta haifi tsarin mai gida. Baƙo ya zo da garkensa, ba shi da lokacin jira, mahautan Yarabawa kuma bashi suke ɗauka. To, mai gida ne zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa lamuni har kuɗi su fito. Wani mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga a 1969. Abin lura a nan shi ne, harkar shanu ta wancan zamani harkar maza ce zalla. Mai koro shanu ya bar matarsa da 'ya'yansa a gida, ya sayar, ya sari goro, ya koma. Fulanin da suka daɗe a yankin, irin na wajen Ilori waɗanda har Yarabanci ya zama bakinsu, ba su da yawa, kuma sun fi tsayawa a gefen da daji bai yi duhu ba.

Abubuwa uku suka juya al'amarin. Na farko, magungunan sammore irin su Berenil sun fara samuwa daga shekarun 1950. Na biyu, manoma da masu yin hanya suka yi ta sare daji, ƙudan tsando ya rasa inuwar da yake fakewa. Na uku kuma, wanda ya fi kowanne ƙarfi, shi ne farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, ga kuma annobar bushiya da ta faɗa wa shanu a daidai wannan lokaci. Makiyayi ya duba Arewa babu ciyawa, ya duba Kudu ga ta shar har cikin rani. Wannan karon da ya taso, bai taso shi kaɗai ba. Ya ɗauko mata da yara da ƙore da tukwane, ya je gaban Balen ƙauye ya nemi wurin zama. Ranar da aka fara yanke cibiya a waɗannan rugage, ranar ce saniya ta zama 'yar gida.

Bari mu duba yadda yini ke tafiya a irin wannan gida, domin a nan ne za a gane wanda ke riƙe da garke. Tun da asuba, bayan salla, ake fara tatsa. Maruƙa sun kwana a ɗaure a dangwali, sai a kwance ɗaya a sake shi ga uwarsa, in ya ja nono ya sauko a janye shi. Mai janyewar nan sau da yawa yaro ne da bai wuce shekara 5 ko 6 ba. Wannan shi ne aikinsa na farko a duniya. Daga nan sai cire kaska, aikin da a Kudu ba ya ƙarewa saboda laima, kuma in aka yi sakaci kirci ya biyo baya ya ɓata fatar dabba. Yara ne ke bin ƙarƙashin shanu suna tsincewa. Kafin yaro ya kai shekara 10 ya san sunan kowace saniya da na uwarta, ya san mai tunkuyi, ya san wadda ta kusa haihuwa. In hantsi ya yi, raɓa ta bushe, sai ya ɗauki sanda da gora ya bi yayansa kiwo, ba za su dawo ba sai rana ta yi ja.

Ita kuwa 'ya mace, makarantarta tana gindin uwarta. A wasu gidaje maza ke tatsa, a wasu kuma mata, amma ko wa ya tatsa, nono na mace ne. Da kuɗinsa take sayen gishiri da manja da sabulu da 'yan kayan yara. Da matan nan suka zo Kudu sai suka tarar kasuwa ta bambanta. Mu 'yan Sabo muna son kindirmo da fura da man shanu, amma Bayarabe ya fi son wara, cukun nan mai laushi da ake dafa madara a zuba mata ruwan ganyen tumfafiya har ta dunƙule. Nan da nan suka riƙe sana'ar. Yarinya 'yar shekara 7 ita ke tsinko ganye, ta hura wuta, ta wanke ƙwarya, ta goyi ƙaninta, sannan ta bi uwarta talla ranar kasuwa. A wajen tallan nan ne yaran ruga suka koyi Yarabanci da Hausa a kan Fulatancinsu, har suka zama su ne tafintocin iyayensu a gaban Bale da asibiti.

Akwai kuma wata al'ada da ke ɗaure yaro da garke tun yana tsumma. Ranar suna, uba yakan nuna karsana ya ce ta jaririn ce. Duk abin da ta haifa nasa ne, da shi zai yi aure, da shi zai kafa nasa gidan. Shi ya sa yaron ruga ba ya ganin kiwo a matsayin bauta, dukiyarsa yake tsaro. Mu ma mun shiga cikin wannan tsari. Da yawa daga cikin attajiranmu, da ma wasu Yarabawa, sukan sayi shanu su ba Bafulatani ajiya, shi ya sha nono, a kuma ba shi ɗan maraƙi bisa yadda aka shirya. Ke nan garken da ƙaramin yaro ke bi a dajin Iseyin, wataƙila rabinsa na mutanen Sabo ne.

To, sai dai zaman yana da nasa nauyi, kuma a kan yara ya fi sauka. Ruga tana nesa da asibiti, zazzaɓin sauro kuwa a Kudu ba shi da rani ba shi da damina. Makaranta ma haka. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya a 1989, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi, an kuma buɗe wasu makarantu a wannan yanki. Amma lokacin shiga aji shi ne lokacin tatsa da fita kiwo, uba kuwa in ya rasa yaro guda a bayan shanu ya rasa hannu guda. Ga kuma maganar ƙasa. Yawancin rugagen nan a kan alkawarin baka suka zauna, tsakanin dattijo da dattijo. Dattawan sun mutu, 'ya'yansu sun tashi sun tarar gonakin rogo da kashu sun mamaye hanyar da shanu ke bi zuwa rafi.

A nan ne dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaro ɗan shekara 9 ba zai iya tare garke guda a bakin gonar rogo ba. Ɓarnar da ake kai ƙara a kanta, da yawanta daga nan take farawa. Manomin da aka cinye wa amfanin shekara yana da hakki, kuma masu satar mutane da suka riƙa fakewa a daji sun shafa wa kowa kashin kaji. Majalisar jihar Oyo ta yi dokar hana kiwon sake a 2019. A watan Janairun 2021 aka kori Fulani daga Igangan, aka ƙona gidaje, iyalan da wasunsu a nan aka haife su suka watse da yara a hannu. Wata guda bayan haka rikicin kasuwar Shasha ya tashi a nan Ibadan, wanda ba sai an tuna wa kowa ba. A watan Mayu na wannan shekara ta 2021 gwamnonin Kudu suka taru a Asaba suka ce a daina yawon kiwo a jihohinsu. Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kiwo a 2024, amma ma'aikata ba za ta shiga ruga ta kai yaro makaranta ba sai da hannun mutanen da ya sani.

Wannan hannu kuwa namu ne. Mu ne muka san gari, muka san ofis, muka san harshe. Kakanninmu sun tsaya wa baƙo lamuni a gaban mahauci, mu ma za mu iya tsaya wa ɗan ajiyarmu a gaban hukuma. Duk wanda ke da shanu a ruga, ya tambaya wa ke bin su. In yaro ne, ya biya babban mutum ya yi kiwon. Ƙungiyarmu ta taimaka a mai da alkawarin baka ya zama rubutacce, a sa hannun Bale da shaidu. A yi wa yaran takardar haihuwa, a kai su rigakafi. Masu ɗakuna a Sabo kuma su tuna cewa riƙon ɗan wani don ya yi karatu tsohuwar ɗabi'armu ce, gidajen malamanmu a kanta suka ginu.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yaran da ke kwance maruƙa yau da asuba a dajin Oke-Ogun, a nan aka haife su kamar yadda aka haifi namu, kuma ba su san wani gida ba sai wannan. Allah ya raya mana su, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.