Ulan Bator da filayen makiyayan Mongoliya a watan Mayu

A watan Mayu, lokacin da manoman Kanya Babba da Babura ke sharar gona suna jiran ruwan shuka, su kuwa makiyayan ƙasar Mongoliya suna fitowa ne daga hunturun da ya shafe kusan wata shida.

A can ma, kamar a arewacin Jigawa, wannan shi ne lokacin da dabbobi suka fi ramewa. Tsohuwar ciyawa ta ƙare, sabuwa kuma ta soma tsirowa ke nan.

Mongoliya dai tana tsakanin Rasha da Sin, ba ta da gaɓar teku. Ta fi Najeriya faɗi sau ɗaya da rabi da ɗoriya, amma jama'arta kimanin miliyan uku da rabi ne kawai, kuma kusan rabinsu na zaune ne a babban birnin ƙasar, Ulan Bator.

Birnin

Asalin birnin wurin ibada ne na mabiya addinin Buda, wanda aka kafa a 1639 cikin tantuna, ana ƙaura da shi daga wuri zuwa wuri. Sai a 1778 ya zauna a bakin kogin Tuul, inda yake a yanzu. A 1924 ne 'yan gurguzu suka raɗa masa sunansa na yau, mai ma'anar Jan Gwarzo. Mulkin nasu ya soma rushewa ne da zanga-zangar neman dimokuraɗiyya a 1990.

Babu babban birnin wata ƙasa a duniya da ya kai shi sanyi. Unguwannin da suka zagaye shi cike suke da ger, wato zagayayyen tantin da ake lulluɓewa da ulun tumaki, kuma hayaƙin gawayin kwal da ake ɗumama su da shi kan turnuƙe birnin a lokacin hunturu. A 2019 hukumomi sun hana ƙona ɗanyen kwal a gidajen birnin.

Zuwa watan Mayu hayaƙin ya yi sauƙi, sai dai iska mai ƙura, kuma ba abin mamaki ba ne a kwana da rana a tashi da ƙanƙara. Baƙo na buƙatar rigar sanyi.

Filayen kiwo

Kimanin kilomita 54 gabas da birnin akwai mutum-mutumin Jengis Khan bisa doki, mai tsawon mita 40, wanda aka kammala a 2008. 'Yan ƙasar na ɗaukarsa uban al'umma. Mai karatun tarihin Musulunci kuwa zai fi tuna cewa jikansa Hulaku ne ya rusa Bagadaza a 1258, ko da yake wani jikan nasa, Berke, ya musulunta har ya yaƙi Hulakun.

Ta yamma kuma, kamar kilomita 100, akwai gandun Hustai, inda aka dawo da dawakin dawa da ake kira takhi a 1992, bayan sun ƙare ƙaf a dazuzzukan ƙasar.

Amma abin da ya fi cancantar kallo shi ne rayuwar makiyayan. Dukiyarsu iri biyar ce: dawaki, shanu, tumaki, awaki da raƙuma masu tozo biyu, kuma jimillarsu ta haura miliyan 50. A wannan lokaci ne ake kammala taje gashin awaki mai laushi, kashmiya, wanda shi ne babbar hanyar samun kuɗin iyalai da dama.

Babban abin tsoronsu shi ne zud, wato mummunan hunturun da ƙanƙara ke rufe ciyawa har dabbobi su mutu da yunwa. Na 2023 zuwa 2024 ya hallaka dabbobi fiye da miliyan 7. Wanda garkensa ya ƙare yakan naɗe tantinsa ya nufi bayan gari a Ulan Bator, kamar yadda farin shekarun 1970 ya kora Fulani da Buzaye da yawa zuwa birane.

Musulmi matafiyi

Musulmin Mongoliya kusan kashi 3 ne cikin 100, akasarinsu 'yan ƙabilar Kazak na lardin Bayan-Olgii a can yammacin ƙasar. Akwai wasunsu a Ulan Bator da garin Nalaikh da ke kusa, kuma a wajensu ne ya fi sauƙi a sami naman halal.

Batun nama na buƙatar kula, domin a al'adar Mongol ba a yanka tunkiya a wuya. Ana ɗan tsaga cikinta ne a zura hannu a tsinke babbar jijiyar jini, don kada jinin ya zuba ƙasa. Haka nan airag, nonon goɗiya da ake bari ya yi tsami, yana da 'yar barasa a ciki. Shayin madara mai gishiri da ake tarbar baƙo da shi ba shi da wannan matsala, kuma da hannun dama ake karɓa.

Ba a taka dokin ƙofar ger. Ƙofar kudu take kallo, alƙibla kuwa a can yamma ce, ba gabas ba, saboda haka tana hannun hagun mai shiga, ɓangaren da dama ake zaunar da baƙi. A ƙarshen Mayu yini kan haura sa'o'i 15, sallar Isha'i kuma sai dare ya yi nisa.