Dangin Duman Dutse da Ciwon Daji: Tarihin Wani Tsiro da Sunayensa

A cikin itatuwan da masu magani su ka daɗe da sani a ƙasar Hausa akwai wani tsiro mai yaɗo, mai saiwa mai tsananin ɗaci, wanda a ke kira duman dutse. Wasu kan ce masa gadaukuka, wasu kuma madacin ƙasa, ko da ya ke ba shi da dangantaka da madaci, babban itacen nan da kowa ya sani, sai dai ɗacin da ya haɗa su. Likita J. M. Dalziel ya rubuta sunansa cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa wanda a ka buga a 1916. Masana tsirrai suna kiransa Aristolochia albida, watau ɗaya ne daga cikin wani babban dangi mai ɗaruruwan iri, wanda ya bazu daga Turai har ƙasar Sin.

Sunan dangin daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa kuwa abin da ya fi kyau ga haihuwa, domin da shi a ke taimakon mata masu naƙuda. Dioskorides ya ambace shi tun ƙarni na farko na Miladiyya. Likitocin Sin da na Hindu su ma sun yi aiki da shi zamani bayan zamani. An yi kusan shekara dubu biyu ana sha, ba a kuwa ɗauke shi a kan mai kisa ba.

Har ma an taɓa sa rai zai zama maganin ciwon daji. A 1962 masu bincike a Amurka su ka ba da labari cewa sinadarin da su ka tace daga irin na Hindu, mai suna asid ɗin aristolokik, yana hana ƙari girma a jikin ɓeraye. A ka gwada shi a kan masu sankara, a ka buga sakamakon a 1964, sai ga shi yana lalata ƙoda, a ka bar gwajin. A 1982 kuma a ka nuna a Jamus cewa shi da kansa yana haddasa sankara ga ɓeraye, hukuma ta janye magungunan da ke ɗauke da shi daga kasuwa. Amma fa wannan labari bai wuce mujallun likitoci ba, masu sayar da sassaƙe da saiwoyi su ka ci gaba da cinikinsu.

Abin da ya tona asirin tsiron ga duniya ya faru ne a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, tushensa kuwa rikicin suna ne. Wani asibitin rage ƙiba ya sake haɗin maganinsa a 1990, ya ƙara da garin wata saiwa daga Sin, Stephania tetrandra, wadda Sinawa ke kira han fang ji. To, akwai wata saiwar dabam da su ke kira guang fang ji, ita kuwa 'yar dangin duman dutse ce. A bakin fatake duka biyun fang ji ne, kalmar farko da ke rarrabe su ta kan faɗi a hanya, kamar yadda Bahaushe zai ce madaci ya bar ƙasa a baya. Da saiwa ta zama gari kuma ido ba ya iya bambanta su. Haka a ka ɗura wadda ba ita ba cikin ƙwayoyin magani. A farkon 1992 mata ƙanana masu ƙoshin lafiya su ka fara zuwa asibiti ƙodarsu ta ƙanƙance. Likita Jean-Louis Vanherweghem da abokan aikinsa su ka bayyana labarin mata tara a 1993, daga baya adadin ya haura ɗari.

Bala'in bai tsaya ga ƙoda ba. Daga cikin waɗanda ƙodarsu ta mutu ɗungum, an yi wa mutum 39 aiki, an cire ƙodar da magudanar fitsari don rigakafi. Da a ka duba naman, sai a ka sami sankara a jikin 18 daga cikinsu, kamar yadda a ka buga a shekara ta 2000. Dalilin kuwa shi ne sinadarin ya kan manne a jikin ƙwayar gado da a ke kira DNA, ya zauna shekara da shekaru, ya sauya rubutunta ta wata hanya da masana ke iya ganewa kamar tambarin maƙeri a jikin wuƙa. Da wannan tambari ne a ka warware wata tsohuwar matsala. Tun 1956 a ka san wata cutar ƙoda da ke kashe manoma a ƙauyukan da ke bakin rassan kogin Danube, a Bulgeriya da Romaniya da tsohuwar Yugosilabiya. Wani masani mai suna Ivić ya zargi 'ya'yan wani tsiro na wannan dangi da ke cakuɗa da alkama a gona tun 1969, ba a kula da shi ba, sai a 2007 bincike ya gaskata maganarsa. Taiwan ta hana waɗannan magunguna a 2003. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon ta riga ta sa su cikin jerin abubuwan da a ka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam tun 2002.

Mai karatu zai yi mamakin yadda tsiro irin wannan ya tsere wa zargi tsawon ƙarnoni. Masu maganin dā ba wawaye ba ne, sun san gubar da ke kayar da mutum yau ko gobe, sun kuma yi mata iyaka. Amma gubar da ke jira shekara goma ko ashirin kafin ta bayyana, wadda kuma ba kowa ta ke kamawa ba, ba mahalukin da zai iya haɗa ta da tsimin da a ka sha tun ana samari.

Wanda wannan tarihi ya fi shafa shi ne mai ciwon daji da ke karɓar magani a asibiti, yana kuma shan jiƙo a gida, abin da ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Wasu manyan magungunan sankara, irin su cisplatin da methotrexate, ta ƙoda su ke fita daga jiki, cisplatin ma da kansa ya kan wahalar da ita. Saboda haka likita kan auna ƙarfin ƙodar majinyaci kafin ya yanka masa adadin da zai ba shi. In wani garin saiwa yana cin ƙodar a ɓoye, lissafin likita ya rushe, maganin ya taru a jini ya zama guba. Ko da majinyaci ya faɗa wa likita sunan abin da ya ke sha, da sauran aiki, domin tsiro ɗaya ya kan amsa suna uku tsakanin Katsina da Zazzau, suna ɗaya kuma ya kan hau kan tsiro biyu. Abin da mai harhaɗa magunguna ke bukata a kawo masa shi ne ganyen ko saiwar kanta tun ba a daka ta ba.