Muryar Ɗalibi Kafin Manhaja: Ba da Labari ta Na'ura a Makarantun Minna

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara ta Jihar Neja ta yau a 1911, ya rubuta Magana Jari Ce ne domin ɗaliban makaranta. Ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa, ya sake musu tufafi har mai karatu ya ɗauka a ƙofar gidansu aka yi su. Ke nan koyarwa ta hanyar labari ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, haka ma aron kayan aiki daga waje. Abin da ya sauya shi ne wanda ke riƙe da labarin. A zamanin Imam malami ne ke rubutawa, yaro ya karanta. Yau wayar hannu ta bai wa yaron damar ya tsara nasa, ya naɗi muryarsa, ya haɗa da hoto. Hujjar wannan maƙala ita ce, a gari irin Minna, da wannan damar kaɗai ya kamata a auna kowace manhaja.

Salon ba da labari ta na'ura ya samo asali ne a Kaliforniya ta Amurka a shekarun 1990, inda Joe Lambert da Dana Atchley suka kafa cibiyar da ake kira StoryCenter yanzu. Tsarinsu gajeren bidiyo ne na minti 2 zuwa 3, mutum yana ba da labarin kansa da bakinsa. Abin lura shi ne ba da kwamfuta suke farawa ba. Mahalarta kan zauna a da'ira, kowa ya faɗi labarinsa, a saurara, a yi masa tambayoyi, ya rubuta ya gyara, sannan a taɓa na'ura. Wannan matakin na kafin na'ura ne ya fi saurin faɗuwa idan salon ya shigo ajinmu, domin shi ne ba ya burge baƙon da ya zo duba makaranta.

Manhajojin da ake yawan ambata, irin su Book Creator da Canva, an gina su ne bisa zaton akwai intanet mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma duk malamin da ke koyarwa a Chanchaga ko Kpakungu ya san ba a ɗora darasi a kan tabbacin wuta, kuma kuɗin data daga aljihunsa yake fita. Akwai wata illa da ta fi wannan zurfi. Manhajar da ta zo da hotuna a shirye takan ja yaro ya ƙera labarin da ya dace da hoton. Ɗiyar mai sayar da doya a Kasuwar Kure sai ta tsinci kanta tana ba da labarin gidan da ba ta taɓa shiga irinsa ba, alhali tana da abin faɗa game da lodin doya da asuba da cinikin da uwarta ke yi cikin harsuna biyu ko uku.

Batun harshe shi ne ƙashin bayan lamarin. Minna garin Gbagyi ne, Nufawa na da yawa, Hausa ce ta kasuwa da unguwa, Turanci kuma na jarrabawa. Yara da dama suna jin Gbagyi ko Nufanci sarai amma ba a taɓa koya musu rubuta su ba. Naɗar murya tana tsallake wannan shingen: yaro ya fara da harshen da yake tunani da shi, daga baya ya rubuta fassarar a ƙasan hoton da Hausa ko Turanci. A nan darasi ɗaya ya zama na magana da rubutu da fassara. Shi ya sa nake ganin African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, na 2015, sun fi kusa da buƙatarmu. Dukansu suna da littattafan Hausa, lasisinsu a buɗe yake ga mai son fassarawa ko sauyawa, kuma ana iya sauke littafi a karanta ba intanet. Duk da haka littafin hoto ne ginshiƙinsu. Ga murya, manhajar naɗar sauti da ke cikin kowace waya ta wadatar.

Za a ce wannan ɓata lokacin manhajar karatu ne, ga WAEC da NECO na jira, kuma hedikwatar NECO ma a Minna take. Ƙorafin yana da tushe. Amma ɗalibin da ya yi hira da tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa kan tashar Minna, ya tace hirar ta koma minti 3, ya yi aikin taƙaitawa da tsara hujja, waɗanda su ne ake tambayarsa a takardar Turanci.

Garin Minna, inda aka haifi marubuta Cyprian Ekwensi a 1921 da Ben Okri a 1959, yana da waɗanda za su ɗauki nauyin wannan aiki. Gidauniyar Hill-Top da B. M. Dzukogi ya assasa ta daɗe tana renon matasan marubuta tun suna sakandare. Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, tana horar da masana fasahar koyarwa. Ɗaya ta san yadda ake zama da yaro a kan jimla guda har ta miƙe, ɗayar ta san na'ura. Malamin da za a tura aji yana buƙatar horon biyun, kuma na farkon ya fi wuyar samu.

Sai batun da ba a sassauta masa. Bayan sace ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Fabrairun 2021 da na Islamiyyar Tegina a Mayun shekarar, ba daidai ba ne a ɗora fuskar yaro da sunan makarantarsa da hanyar gidansu a intanet don a nuna aikin aji. Akwai yara a Minna da rikici ya koro daga Shiroro da Munya, kuma labarinsu na iya zama abin da ba su shirya a yaɗa ba. Yardar iyaye wajibi ce, zane zai iya maye gurbin fuska, kuma ainihin fayil ɗin ya zauna a hannun makaranta da iyalin yaron. Yaron da ya ce a saurari nasa a aji kawai, a bar shi a nan.