Ƙara Yawan Man da Rijiya Ke Bayarwa: Lissafin Riba da Asara

Rijiyar mai ba ta dawwama da ƙarfinta na farko. Matsin da ke ƙarƙashin ƙasa ne ke turo ɗanyen mai sama, kuma yana raguwa a hankali yayin da ake ɗiba. A yawancin filayen mai na duniya, kusan kashi ɗaya cikin uku na man da ke ƙasa ake iya fitarwa.

Duk mun san yadda ake yashe rijiyar ruwa a tsofaffin unguwannin Katsina irin su Gobarau idan ruwanta ya ja baya. Rijiyar mai ma ana yi mata gyara. Ana tura ruwa ko iskar gas cikin ƙasa don matsin ya dawo, ko a sa famfo, ko a zuba asid ya buɗe ƙofofin dutsen da suka toshe.

Kowace dabara tana cin kuɗi, saboda haka tambayar ita ce: nawa za a kashe a kan kowace gangar da ta ƙaru, nawa kuma za a sayar da ita? A Afrilun 2020 gangar mai ta faɗi ƙasa da dala 20, a 2022 ta haura dala 120. Gyaran da ya kawo riba a 2022 zai iya zama asara a 2020. Ranar da kuɗin riƙe rijiya ya fi abin da take kawowa, rufe ta ake yi.

Abu na biyu shi ne hanyar kai man kasuwa. Mu dubi filin Agadem a jihar Diffa ta Nijar, inda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke haƙa. Daga 2011 man yana zuwa matatar SORAZ kusa da Damagaram, wadda ke tace ganga 20,000 a rana. Ko da rijiyoyin sun iya ba da fiye da haka, babu inda za a kai rarar. Sai da aka shimfiɗa bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, aka fara lodin jirgi a 2024, sannan ƙarin ya zama kuɗi.

Idan muka ji labarin sabuwar rijiya, kamar ta Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022, mu tambayi kuɗin fitar da ganga ɗaya, da hanyar da za ta bi zuwa ga mai saye.