Jibbar Ansaru: Yadda Faci Ya Zama Tufar Daula a Omdurman

A watan Fabrairun 1884 Janar Gordon ya sauka Khartum da niyyar lallashin Muhammad Ahmad, malamin da ya yi shelar cewa shi ne Mahadi a tsibirin Aba tun 1881. Ya aika masa da jar alkyabba da hular dara, haɗe da tayin sarautar Kordofan. Cikin watan Maris manzanni suka dawo masa da kayansa, suka ƙara da wani ƙunshi. Da aka kwance sai ga rigar auduga mai kaushi, duk jikinta faci. Gordon ya ƙi karɓa. Mutanen nan biyu ba su taɓa haɗa ido ba, amma kowa ya gane nufin ɗan'uwansa, domin can da nan al'adar ɗaya ce: wanda ya yafa maka riga ka karɓa, ya zama ubangidanka. Wata goma bayan haka, ranar 26 ga Janairun 1885, masu rigar facin suka shiga Khartum. A ganina wannan riga, wadda mutanen Sudan ke kira jibba, ita ce shaida mafi gaskiya da daular Mahadi ta bari. Wasiƙun masu mulkinta sun kare ta, littattafan fursunoninta irin su Slatin da Ohrwalder sun la'ance ta, amma wanda ya bi sauye-sauyen ɗinkin rigar daga 1881 zuwa 1898 zai ga abin da daular ta yi niyya, da abin da ta cimma, da inda ta kauce.

Ba Mahadi ne ya fara rigar faci ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar yana mulkin Musulmi da riga mai faci a jikinsa, kuma sufaye suka riƙi wannan a matsayin hujja. Tun ƙarni na 11 al-Hujwiri, wanda kabarinsa ke Lahore, ya ware babi guda a littafinsa Kashful Mahjub a kan sanya muraƙƙa'a, wato rigar faci, har ya koka da waɗanda ke sa ta don a gan su. Asalinta mai sauƙi ne. Muridi ya bar neman duniya, rigarsa ta yage, sai ya toshe da ƙyallen da wani ya yar ko ya ba shi sadaka, ta sake yagewa ya sake toshewa, har a rasa gane wanne ne yadin farko. Muhammad Ahmad ya taso cikin wannan tarbiyya. An haife shi a 1844 kusa da Dongola, gidan masassaƙa jiragen ruwa, ya shiga ɗariƙar Sammaniyya, ya yi suna da gudun duniya tun kafin ya yi da'awa. Mabiyansa na farko, waɗanda suka bi shi hijira zuwa dutsen Ƙadir, talakawa ne da harajin mulkin Turkawa da Misirawa ya tsiyata tun mamayar 1821. Facin da ke jikinsu na gaske ne. Matansu ke kaɗa audugar da mazari, masaƙa su saƙa ta sawaye-sawaye, a haɗa a yi yadin da ake kira dammur, sannan kowane gida ya toshe ɓarakarsa da abin da ya samu. Shi ya sa a wancan lokaci ba za a ga riga biyu masu kama ɗaya ba.

Abin da Mahadi ya yi sabo shi ne ya mai da tufar almajiri ta zama tufar kowa. Ya hana hular dara da shigar Turkawa, ya umarci mabiya da jibba da wando da ɗamarar kaba da rawani mai jela, ya kuma hana a kira su darwishai, ya ce sunansu Ansaru. Nan ne hikimar take, kuma a nan nake ganin marubuta da yawa sun yi gaggawa. Sudan ta wancan zamani ƙasa ce da ake gane mutum daga nesa: Ja'aliyawa da Danaƙila fataken bakin kogi da shigarsu, Baggara makiyayan yamma da tasu, Beja na duwatsun gabas masu tara suma, ga bayi, ga Takarir mahajjatan yamma da hanya ta tsare. Mutanen da suka saba raina juna ba za su tsaya sahu ɗaya a fagen fama ba muddin rigar ɗaya tana tuna wa ɗayan cewa shi ba kowa ba ne. Da aka ce kowa ya sa faci, attajiri ne ya sauko, ba talaka aka ɗora wa nauyin hawa ba. Tufar da ta kasance abin kunya a kasuwa ta zama abin alfahari, kuma babu wanda talauci zai hana shi mallakarta.

Mahadi ya rasu a watan Yunin 1885, bai yi wata biyar cikakku da cin Khartum ba. Khalifa Abdullahi, Bata'ishe daga yamma, ya gaje shi, ya sa aka tashi Khartum a 1886, aka kwashi tubalinta aka ƙetara da shi Omdurman, ƙauyen da ya zama babban birni. Jibbobin da suka saura daga wannan zamani, waɗanda ke ajiye a gidajen tarihi, sun bambanta da na farko ƙwarai. Farin yadi ne lafiyayye, babu inda ya yage. An yanka ƙyallaye masu kusurwa huɗu, shuɗi da ja da baƙi da kore, wasu na auduga wasu na ulu, an ɗora su daidai wa daida, na dama yana kallon na hagu, na gaba yana da ɗan'uwa a baya. An bi gefensu da zare mai launi, an ƙawata wuya da bakin aljihu. Wannan aikin tela ne ƙwararre da ke ɗinka da yawa bisa tsari ɗaya, ba aikin uwargida da fitilar aci-bal-bal ba. Rigunan amirai kuwa sun fi na sauran mayaƙa kyawun yadi da yawan ado. Hoton Amir Mahmud Ahmad da aka ɗauka bayan an kama shi a yaƙin Atbara cikin Afrilun 1898 ya isa misali: ko a hannun maƙiya, rigarsa na nuna cewa babban mutum ne.

Mai suka zai ce to ai magana ta ƙare, wannan riya ce tsagwaronta: a yanka sabon yadi a yi wa rigar da ba ta yage ba faci, a yi ado da talauci alhali ana tara ganima a baitulmali. Suka ce mai nauyi, kuma al-Hujwiri da kansa ya riga kowa yin ta. Amma tana auna rigar da ma'aunin da ba nata ba ne. Muraƙƙa'ar sufi magana ce tsakanin bawa da Ubangijinsa, don haka riya na ɓata ta. Jibbar Khalifa kuwa magana ce tsakanin soja da soja. Rundunar da ta kai dubun dubata, mai yaƙi daga iyakar Habasha zuwa Darfur, tana buƙatar a gane nata cikin ƙura da hayaƙin bindiga, kuma facin da aka tsara gaba da baya yana yin wannan aiki ko ta ina aka hango mutum. Babu daular da za ta jira rigunan sojojinta su yage kafin ta ba su alama. Abin lura ma shi ne alamar da suka zaɓa. Suna iya ɗaukar zinariya da jauha irin na pashoshin da suka kora, ga su nan jibge cikin ganima, amma suka tsaya kan siffar tsumma. Amirin da ya fi kowa ado a Omdurman dole adonsa ya yi kama da rigar almajiri, kuma wannan takunkumi ne da sarakuna kaɗan suka taɓa yarda a sa musu.

Akwai suka ta biyu da ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba ni da niyyar kauce mata. Daidaiton da rigar ke shela bai tabbata a ƙasa ba. Khalifa ya tattaro danginsa Ta'aisha zuwa Omdurman a 1888 da 1889, daidai lokacin yunwar shekarar 1306 ta Hijira, aka ciyar da su daga rumbun hukuma mutanen kogi na mutuwa. Dangin Mahadi sun yi yunƙurin tawaye a 1891 aka murƙushe su. A 1897 rundunar Mahmud Ahmad ta yi wa Ja'aliyawan Matamma kisan da har yau jikokinsu ba su manta ba. Kuma jibba tilas ce: Slatin, tsohon gwamnan Darfur, ya sa ta shekara da shekaru yana jiran ranar gudu, har ya samu a 1895. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai bai rushe hujjata ba, ƙarfafa ta ya yi, domin rigar ba ta ɓoye komai ba. Ranar da faci ya bar hannun gidaje ya koma hannun hukuma, ranar da aka fara gane amiri da kyawun zarensa, ranar ce jama'ar da ta taru don kanta ta zama talakawan wani gida. Abin da aka rasa ba talauci ba ne, don talauci na nan daram. Hannuwa da yawa aka rasa, waɗanda a da kowanne ke kawo ƙyallensa.

Wannan batu na hannuwa shi ne ruhin ɗinkin haɗe-haɗe a duk inda aka same shi. A Amurka, tun wajen 1840, mata kan yi bargon zumunci: kowace ƙawa ta ɗinka murabba'i guda ta sa sunanta, a haɗa a ba wadda za ta yi aure ko ƙaura, darajarsa kuwa tana cikin sanin wadda ta kawo kowane yanki. A Senegal mabiyan Shehu Ibra Fall, almajirin Shehu Ahmadu Bamba, sun shahara da tufar ƙyalle-ƙyalle da asalinta sadakar mutane ce, ko da yake yanzu ana buga atamfa mai zanen faci a masana'anta, wato sun bi hanyar da jibba ta bi. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a daga Balda a Adamawa. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna Dikwa, ya sa mayaƙansa shigar Ansaru, don haka kakannin wasunmu sun ga jibba da idonsu. Kuma duk wanda ya ga 'yan lifida a hawan sallar Kano zai gane lifidin dokin Ansaru da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan nan take: yadi kala-kala aka harhaɗa, aka cusa audugar rimi, aka bi da ɗinki.

Ranar 2 ga Satumban 1898, a Karari, bindigogin Kitchener, jagoran rundunar Turawa da Misirawa, suka kashe Ansaru sama da 10,000 cikin safiya ɗaya, rundunarsa kuwa ba ta rasa mutum 50 ba. Sojoji suka tuɓe jibbobi daga gawarwaki suka tafi da su gida tsaraba, dalili ke nan da ya sa da yawa daga masu kyawunsu suke Ingila yau. Aka rushe ƙubbar Mahadi, aka hana karanta ratibinsa, wato littafin addu'o'insa, sanya jibba ya zama jawo wa kai tuhuma. Turawa suka sake gina Khartum, suka raba ciniki biyu: Suk al-Afranji ta Turawa da manyan kantuna, da Suk al-Arabi ta 'yan ƙasa a kewayen babban masallaci. Nan ne aka yi wa faci kisan da bindiga ba ta yi ba. Bayan an gama madatsar Sennar a 1925, audugar Jazira, wadda Hausawa da Fulani da yawa suka yi ƙwadagon tsinkarta, ciki har da zuriyar waɗanda suka bi Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, ta riƙa tafiya masaƙun Lancashire tana dawowa bandir-bandir da araha. Da yadi ya yi sauƙi, faci ya koma matsayinsa na da, alamar rashi. Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi, wanda ya farfaɗo da Ansaru da kuɗin auduga ya kuma tsaya wa jam'iyyar Umma a 1945, bai komar da su ga tsumma ba. Abin da ya saura shi ne jallabiyar Ansaru mai gaba da baya iri ɗaya, da kuma korayen riguna masu ja da faci na masu zikirin yammacin Juma'a a hubbaren Shehu Hamad an-Nil da ke Omdurman.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya bi ta kan Suk al-Arabi da kasuwar Omdurman, ya tarwatsa teloli da 'yan yadi, aka wawushe gidan tarihin ƙasa, gidan Khalifa ma, wanda ya zama gidan tarihi tun 1928 kuma yake ajiye da kayan Ansaru, bai tsira ba. Tufa ba dutse ba ce, in ta shiga hannun wanda bai san ta ba, asu da damina ɗaya sun ishe ta. Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu na Kano da Sakkwato da Maiduguri, da 'yan'uwanmu na Mai Wurno da sauran garuruwan Shuɗin Nilu, duk gidan da ke da tsohuwar jibba ko lifidi a ƙasan adaka, a fito da shi a ɗauki hotonsa gaba da baya, a auna shi, a rubuta sunan wanda ya sa shi da inda ya samo shi tun dattawan da suka sani suna raye.